Yatsan Golan Gwange

Ni malamar firamare ce a Bulumkutu, amma duk wanda ya san ni a babban filin ƙwallon garin nan, da kyamara ya san ni. Hussainatu mai hoto suke ce mini, ko da yake babu jaridar da ta taɓa ɗaukata aiki, babu kuma wanda ya aike ni. Son abin ne kawai. Shekara uku ke nan da na sayi kyamarar, ta hannu, a wurin wani mai ɗaukar hoton biki da ya gaji da ita, na haɗa da dogon gilashin zuƙowa mai nauyin jariri. Sandar da nake ɗora ta a kai ma ba ta kanti ba ce. Tsohuwar sandar kiwon babana ce, na kai wa mai walda ya dasa mata noti a ka. Masu hoton gaske, masu rigar nan mai aljihu goma, sun yi ta dariyar sandar har suka gaji, ni kuwa ko a jikina.

Babana, Alhaji Yunus, dillalin shanu ne, kuma a wurinsa ƙartai ashirin da biyu su riƙa bin fata ɗaya a rana rashin aikin yi ne. Amma shi ya koya mini ɗaukar hoto ba tare da ya sani ba. Wata rana ya tarar da ni ina tsaki a kan hotunan da na ɗauko, duk na makara, ƙwallo ta riga ta wuce. Ya leƙa ya ce su lokacin da suke kiwo, in sa zai zabura, ƙafarsa ta baya suke kallo, don ita ke fara motsi kafin sauran jiki. Ya faɗa ya wuce masallaci abinsa. Tun daga ranar na daina bin ƙwallo da ido, na koma kallon ƙafafu.

Ranar da aka gama wasan kusa da na ƙarshe na gasar tsofaffin 'yan ƙwallo, ina naɗe kayana a bakin fili sai wani dattijo ya zo ya tsaya a kaina, safar hannu ta gola a hammatarsa. Na san shi, kowa ya san shi. Sunansa Ba Madu, wato Baba Madu, golan Gwange, mai gyaran keke napep. Shekararsa arba'in da tara, gemunsa ya fara furfura, in yana tafiya yana ɗan jan ƙafar dama.

"Wushe, Malama," ya gaishe ni da yaren garin nan.

"Wushe, Ba Madu. Ya gajiyar wasa?"

"Kalewa, lafiya lau. Alfarma na zo nema."

Ya tsuguna don kada ya yi mini magana daga sama. Ya ce ruwan ambaliyar da ya ci Gwange ya tafi da kayansa da yawa, bai damu ba, an mayar da wasu. Amma akwai wata akwatin ƙarfe da ya tara hotunansa na shekara ashirin da biyar a raga. Da ruwa ya janye ya same ta a bayan gida, ya buɗe, hotunan sun manne sun zama dunƙule ɗaya, in ka ɓamɓaro sai fuskar ta bi yatsanka. Ko ɗaya bai tsira ba.

"Da, Jirgi ake ce mini," ya ce. "Yanzu in na faɗa wa 'ya'yana, sai su ce to Baba, don ladabi kawai. Ran Asabar ne wasana na ƙarshe, likita ya ce gwiwar nan ta gama aikinta. Hoto ɗaya nake so, Malama. Ina sama, ƙafafuna biyu ba sa taɓa ƙasa. Ɗaya kawai."

Na ce masa in sha Allahu, da bakina mai saurin alkawari. Sai da na shiga keke na tuna cewa da unguwarmu za su buga, kuma gola ba ya tashi sama sai an buga masa abin tashi.

Ran Asabar tun kafin La'asar na isa. Na sha zuwa filin nan, amma ban taɓa ganinsa haka ba. Na zaci wasan tsofaffi 'yan uwa da abokai ne kawai za su zo, ashe rabin gari ne. Mutanen Gwange sun cika ɓangaren gabas da ganga da algaita, namu na Bulumkutu sun cika na yamma, masu ruwan leda da gyaɗa suna ratsawa da ƙyar. Da ƙungiyoyin suka fito, ihun da aka yi a ƙirjina na ji shi kafin kunnena. Na kalli mutanen nan da na sani a gari, wannan direba ne, wancan mai shagon siminti, wancan yana karɓar kuɗin wuta, sai ga su sun zama wasu mutane daban da suka taka ciyawa.

Na kafa sandata a gefen ragar Gwange, na zauna a kan kujerata ta roba. Na saita ƙiftawar kyamarar a kan kashi ɗaya cikin dubu biyu na daƙiƙa, saurin da ke tsayar da mutum cak ko da gudu yake. Irin wannan saurin haske yake ci, kuma dogon gilashina tsoho ne, da rana ta yi sanyi yake fara gardama. Na san ina da lokaci har zuwa sanda inuwar rumfar 'yan kallo za ta rufe ragar.

Aka yi rabin lokaci Ba Madu bai tashi ba. Ba laifinsa ba ne. Duk abin da 'yan unguwarmu suka bugo, ko ta mirgino a ƙasa, ko ta zo masa ƙirji ya rungume, ko ta tafi neman tsuntsaye. Gwange suka ci ɗaya, muka rama. Na ɗauki hotonsa yana tsawa, yana nuni da hannu, yana shan ruwa, duk ba abin da ya roƙa ba. Wallahi har addu'a na riƙa yi a buga masa mai wuya, ina jin haushin 'yan wasanmu kamar ni na haife su.

Bayan an dawo aka sauya raga, na kwashi sanda da kujera na zagaya. Wannan ragar ta fi kusa da rumfar. Ina kallon inuwar tana rarrafowa a kan ciyawa, ta ci kwana, ta ci layin gida, ta hau takalmansa. Na rage saurin ƙiftawa, na ƙara wa kyamarar jin haske har inda na san hoton zai fara yin tsaki-tsaki. Ba Madu ya juyo sau ɗaya ya kalle ni. Na ɗaga masa hannu kamar komai lafiya.

Saura minti biyu aka kayar da ɗan wasanmu a wajen da'ira, alƙali ya busa. James ne ya ɗauki ƙwallon, kyaftin ɗinmu, malamin lissafi mai ƙafar hagu da duk garin ke tsoro tun muna yara. Ya ajiye ta, ya ja baya taku biyar. Ganga ta tsaya. Mutum dubu nawa ne a wurin ban sani ba, amma na ji kukan wani jariri daga can ƙarshen rumfa.

Duk masu hoto suka juya gilasansu kan James. Ni na juya baya gare shi, na cika idon kyamarata da Ba Madu, na zuba wa ƙafafunsa ido. Yana tsaye a kan yatsu, gwiwoyi a lanƙwashe. Ban ji bugun ba. Na dai ga diddigensa na hagu ya nutse a ƙasa, sai na danna na riƙe.

Akwai abin da wanda bai taɓa riƙe irin kyamarata ba bai sani ba. A daidai lokacin da take ɗaukar hoto, idonta rufewa yake, ka ga baƙi. Saboda haka abin da ka ɗauka shi ne abin da ba ka gani ba. Na ji ta yi tas tas tas sau shida, ina ganin baƙi da haske, baƙi da haske. Da na ɗago kai, ɓangaren yamma ya fashe da ihu, ƙwallo tana cikin raga, Ba Madu yana kwance rub da ciki.

Ya daɗe bai tashi ba. Aka tashi wasa biyu da ɗaya, Bulumkutu ta ɗauki kofi. Ya kamata in yi murna, amma wani ƙato daga cikin mutanen Gwange ya leƙo ta saman waya yana ihu, "Tsoho a koma gareji! Ko taɓa ta bai yi ba, faɗuwa kawai ya yi kamar buhu!" Na juya na ce masa shi da ya iya me ya hana shi shiga, ko tumbinsa ne bai samu riga ba. Aka yi dariya, aka ja shi. Ba Madu ya bi ta gabana kansa a ƙasa, hannunsa na dama a cikin hammata. Na naɗe kayana, ban iya duba kyamarar ba.

Sai da safe, bayan na gama shara, na sa memorin a kwamfuta. Na farko yana ƙasa. Na biyu ya fara karkata. Na huɗu da na biyar da na shida sun yi dishi-dishi, kyamarar ta motsa. Na buɗe na uku.

Na ce subhanallahi, na sake cewa. Mutumin nan a kwance yake a kan iska, miƙe sambal daga yatsan ƙafa zuwa yatsan hannu, kuma tsakaninsa da ƙasa yaro ɗan aji uku zai wuce bai sunkuya ba. Duk ragar tana cikin inuwa, amma shi ya tashi ya kai inda sauran rana take, hasken ya kama fuskarsa da hannunsa kaɗai. Zufar da ta fita daga gemunsa tana tsaye a sama ɗigo-ɗigo, ana iya ƙirga ta. Ciyawar da takalminsa ya fizgo ba ta riga ta faɗo ba. Idanunsa a buɗe, babu tsoro a ciki, babu ma ciwon gwiwa. Ina zaune a wurin taku goma tsakaninmu, ni da dubban mutane, kuma babu wanda ya ga wannan a cikinmu. Allah Ya halicci wannan lokacin, Ya wuce da shi cikin ƙiftawar ido, sai wata tsohuwar kyamara a kan sandar kiwo ce ta riƙe shi. Na zauna ina kallo har shayina ya huce.

Sannan idona na mai gyara ya buɗe, ya ɓata komai. Na ga ƙwallon tana can ƙarshen yatsunsa, a fili take za ta wuce. Na ga yatsansa na tsakiya ya lanƙwashe wani iri, ba kyan gani. Na ga rigar ta ɗage, tumbi ya fito.

Gyaran hoto a shagon Jona na koya, a Mafoni, kuma a can nake wanke hotunana. A shagon Jona babu wanda ke fita yadda ya shigo. Amarya za ta fito ta ƙara haske, a share mata ƙuraje, ango a cike masa sanƙo, wanda ya zo a ƙafa a tsayar da shi kusa da mota. Ba ƙarya muke ɗaukarsa ba, mutunci ne. In ka ba mutum hotonsa da aibinsa a ciki, kamar ka ce masa ba ka damu da shi ba.

Ran Litinin da na tashi daga makaranta na kai masa. Jona ya kalli hoton ya cire tabarau ya mayar.

"Ke kika ɗauki wannan? Da sandar shanun nan?"

"Da ita."

"Kai! Wannan ai sai a jarida." Ya matso da fuskarsa. "Amma an ci shi ko? To wa zai rataye hoton da aka ci shi a ɗakinsa? Dattijo ne fa, ki rufa masa asiri."

Ba zan ɗora wa Jona ba, don abin da ke raina ya faɗa. Ni na zauna da hannuna. Na yanko ƙwallon na dawo da ita tsakiyar tafinsa, na cike gurbinta da raga, zare bayan zare. Na miƙar da yatsan ya yi daidai da 'yan uwansa. Na ja rigar ta rufe cikin, na rage furfurar kaɗan. Awa biyu na yi, har da inuwar ƙwallon a kan safar ban manta ba. Da aka wanke shi babba aka sa a firem, Jona ya ce ko shi ba zai gane ba. Na ji daɗi ƙwarai, kaina har wani girma ya yi.

Ran Laraba da yamma na shiga Gwange. Har yanzu akwai layin da ruwa ya bari a bangon gidaje, a wasu wuraren ya fi kafaɗata. Na samu Ba Madu a ƙofar gida a kan benci, ba ya gareji, hannunsa na dama a ɗaure da kara da tsumma irin ɗaurin maɗori. Matarsa, Ya Falmata, ta kawo mini ruwa ta koma ciki. Na miƙa masa firem ɗin a cikin takarda, ina jiran in ga ya yi tsalle.

Ya buɗe da hannun hagu. Ya kalla ya daɗe. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ni da iyayena, har da kyamarar. Sannan ya jingine hoton a jikin benci, fuskarsa na kallon bango.

"Malama, golan nan ya iya," ya ce a hankali. "Amma ni an ci ni. 'Ya'yana suna filin, duk Gwange tana filin. In na rataye wannan, kullum zan shiga ɗakina in tarar da maƙaryaci."

Na fara cewa ai haka ake yi, gyara ne kawai, sai ya ɗaga hannun nan mai ɗauri.

"Ba faɗa nake miki ba, alheri kika nufa. Abu ɗaya ne ke cina. Yatsan nan ya karye. Mutane sun ce a kansa na faɗo, ƙwallon ko kusa ban je ba. Ni kuma wallahi ban sani ba. Na san na tashi, na san na tsinci kaina a ƙasa, tsakani babu komai a kaina. Kwana huɗu ina tambayar kaina, na taɓa ta ko ban taɓa ta ba? Na ce in kin zo, hoto zai faɗa mini." Ya kalli bayan firem ɗin. "To shi ma ya ƙi faɗa."

Kunya ta rufe ni, na ji da ma ƙasa ta tsage. Mutum yana jiran amsa kwana huɗu, amsar tana hannuna, ni kuma na zauna awa biyu ina goge ta da ƙwarewa.

Na buɗe jaka. Kyamarar ba ta rabuwa da ni, kuma ban share memorin ba. Na nemo na ukun, na miƙa masa, na kare masa hasken rana da gefen mayafina don ya ga ɗan allon da kyau.

Ya riƙe ta a cinya kamar ƙwai. Sai ya sa yatsa a kan allon, ya auna daga cikinsa zuwa ciyawa.

"Wannan ni ne?"

"Kai ne, Ba Madu."

"Ba ki ɗaga ni ba?"

"Wallahi ban taɓa wannan ba. Haka Allah Ya yi shi."

"La ilaha illallahu," ya ce. "Dubi inda ƙasa take."

Na danna na zuƙo hannun. Na ƙara, na ƙara, har safar ta cika allon. Ni kaina sai a lokacin na gani da kyau, don a da aibi nake nema. Ƙwallon ba wucewa kawai take ba. Ta lotsa, ta yi rami a daidai inda yatsansa na tsakiya ya nutse a cikinta, yatsan kuma ya koma baya har ya kusa kwanciya a kan bayan hannun. Yatsa ɗaya ne ya tare bugun James gaba ɗaya, a daidai lokacin da yake karyewa, mai shi kuma bai ko runtse ido ba.

Ba Madu ya ɗago hannunsa mai ɗauri ya ajiye kusa da allon, yana kallon wannan yana kallon wancan. Ya Falmata ta fito ta tsaya a bayansa, ta leƙa, ta kama baki. Hawaye ya gangaro ya shiga gemunsa, bai share ba, ni ma ban share nawa ba.

"Ashe na kai," ya ce. Ya juya ya kalli matarsa, ya sake kallon hoton. "Falmata, kin gani? Ƙarfin ne ya ƙare. Amma na kai."